Malamai, Kada A Garƙame Ƙofar Baya

Malaman makarantun unguwar Ƙiblatain, ku tuna gobarar makarantar 'yan mata ta Makka a Maris na 2002. Ɗalibai 15 suka rasu, galibinsu a turmutsutsun neman mafita. Kuskure ne babba a sa wa ƙofar baya kwado don kada yara su sulale, makulli kuwa yana aljihun mai gadi da ya tafi salla.

Ku buɗe ta, ku kwashe karyayyun kujeru daga matakala. Kowane malami ya san inda zai tara ajinsa, ya fita da rajista, ya kira suna ɗaya-ɗaya. A gwada fitar kowane zango. A manna lambobi a bango: 998 ta 'yan kwana-kwana, 997 ta motar asibiti.

Don Allah a duba ƙofar nan gobe da safe.