Tsoro Ya Hana Ni Barci

Wata 'yar'uwa Kirista daga Argungu, wadda ta roƙi mu sakaya sunanta, ta rubuto cewa tun harin 'yan bindigar Lakurawa a Mera a 2024, gabanta faɗuwa yake duk ranar da maigidanta ya kama hanyar Birnin Kebbi. Tana tambaya, ko bangaskiyarta ce ta yi rauni?

A'a, Mama. Tsoro ba rashin bangaskiya ba ne. Ki duba Nehemiya, sura ta huɗu: da maƙiya suka yi wa Nehemiya da mutanensa barazana, addu'a suka yi, suka kuma sa masu gadi dare da rana. Addu'a da gadi, Mama. Ku yi addu'a tare kafin ya fita, ya bar tafiyar dare, ya kira ki in ya sauka. Ranar zumuntar mata kuma, ki gaya musu damuwarki.