MANHAJOJIN DA KE ZUWA TARE DA WAYA: ABIN DA YA KAMATA MAI SAYE YA SANI

Kowace wayar hannu ta zamani tana aiki ne bisa wata babbar manhaja, kamar Android ko iOS, wadda ita ce ke sarrafa sauran. A kanta ake ɗora ƙananan manhajoji tun daga masana'anta. Mazaunin Durumi da ya sayo sabuwar waya a Banex Plaza da ke Wuse yakan tarar da su jere tun kafin ya sa katinsa.

1. Waɗanda suka zama dole

Manhajar kira, da ta saƙo, da ta ajiye lambobi, da ta saitin waya, wajibi ne su zo tare da ita. In babu su, mutum ba zai iya kiran 112, lambar neman agajin gaggawa, ba. Haka kuma ba a so talaka ya kashe kuɗin data kafin ya gaisa da iyalinsa.

2. Waɗanda ciniki ya kawo

Akwai kuma na wasanni da tallace-tallace, waɗanda kamfanoni ke sawa don riba. Suna cin wurin ajiya, suna shan batir da data, wasu kuma suna neman izinin duba lambobi da hotuna. Mai ƙaramar waya shi ya fi jin nauyinsu, musamman idan ba su gogewa.

3. Matakan wasu ƙasashe

A shekarar 2014 Koriya ta Kudu ta ƙa'ida cewa a bar mai waya ya goge duk manhajar da ba ta zama dole ba. A watan Yulin 2018 Tarayyar Turai ta ci kamfanin Google tarar Yuro biliyan 4.34, ciki har da laifin tilasta wa masu ƙera waya su sa Chrome da manhajarsa ta bincike. Indiya ma ta ci shi tara a 2022.

4. Abin lura

A Nijeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ita ce ke tantance irin wayoyin da aka yarda a sayar. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ba kowa ikon sanin abin da ake yi da bayanansa. Saboda haka ana shawartar mai saye ya bincika ko hukuma ta amince da wayar, ya duba izinin da kowace manhaja ke nema, ya goge ko ya dakatar da wadda ba ya bukata. Rigakafi ya fi magani. Wanda ke da ƙorafi kan kamfanin sadarwarsa yana iya kiran 622 kyauta.