AIKIN GAYYAR GINA WA MABUƘATA GIDA: DARASI DAGA MADINA ZUWA GORONYO

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Wani matashi ya tambaye ni bayan sallar Isha'i: "Malam, ina ganin samari a intanet suna tafiya wasu ƙasashe aikin sa-kai, suna gina wa talakawa gidaje. Shin Musulmi zai iya shiga irin wannan?"

Na ce masa abin da ya gani gaskiya ne. Akwai ƙungiyar Habitat for Humanity da aka kafa a Amurka a 1976, wadda tsohon shugaban ƙasar, Jimmy Carter, ya yi shekaru yana riƙe guduma a cikinta. Tsarinsu shi ne mai gidan da baƙin su yi aikin tare. To amma, ya 'yan uwa, mu ba baƙi ba ne a wannan fage.

Da Manzon Allah (SAW) ya isa Madina, da hannunsa mai albarka ya ɗauki tubali wajen ginin masallaci. Sahabbai na ɗaukar ɗaya-ɗaya, Ammar ɗan Yasir (RA) na ɗaukar bibbiyu. Muhajirai kuwa sun baro gidajensu a Makka, Ansar suka sauke su a nasu, har Allah Ya yabe su a Suratul Hashri, aya ta 9, saboda fifita wasu a kan kansu alhali su ma suna cikin buƙata.

A nan ƙasarmu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raya Wurno a matsayin ribaɗi, ya zaunar da jama'a, ya kwaɗaitar da su gini da noma da sana'a. Can ya rasu a 1837, can kabarinsa yake. Kakanninmu kuma suna da gayya: idan ɗakin wani ya faɗi, unguwa ke fitowa, wannan na kwaɓa ƙasa, wannan na miƙa tubali, mata na dafa tuwo.

Don haka amsar ita ce: ya halatta, har akwai lada, matuƙar niyya ta gyaru, iyaye sun yarda, kuma ba za a taɓa maka addini ba. Sai dai kafin ka nemi biza, waiwaya kusa. A 2010 ambaliyar gulbin Rima ta cinye garuruwa a ƙasar Goronyo, dubban mutane suka kwana a fili. A 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah, waɗanda suka tsira suka tattaru a Gandi. Wasu 'yan uwanmu na jihar Sakkwato ma sun ƙetara jihar Maraɗi ta Nijar gudun hijira. Kuma kusan kowace damina ɗakunan ƙasa na rushewa a kan marayu da tsofaffi. Maƙwabci na kusa shi ne farkon mai haƙƙi.

Ga ladubba biyar ga wanda zai fita, ko Goronyo zai je ko wata ƙasa:

1. Ka fara da sallama. Ku je wurin hakimi ko maigari da limamin gari, su suka san wanda ya fi buƙata. Wallahi sau da yawa mai tsananin buƙata ba ya magana, kunya ke rufe masa baki.

2. Ka tambaya kafin ka haƙa tushe. Mutanen gari sun san inda ruwa ke kwanciya. Gina ɗaki a kan hanyar ruwa asarar sadaka ce.

3. Kada ka kashe wa maginin gari kasuwa. A ɗauke shi, a biya shi haƙƙinsa, ku zama 'yan aikinsa. Digirinka bai koya maka aza azara ba.

4. Ka ci abin da suke ci, ka yi sallah a sahunsu, ka san sunayen yaransu. Wanda ya aje buhun siminti ya juya ya yi sadaka. Wanda ya kwana uku yana yaɓe tare da su ya samu 'yan uwa.

5. Ka aje waya. Ɗaukar hoton matar da mijinta ya rasu a gaban rusasshen ɗakinta don a yaba maka a Facebook, tozarci ne gare ta, kuma ƙofar riya ce gare ka. Idan masu bayar da kuɗi na son shaida, a ɗauki ginin, a bar fuskar mutane.

Lokacin wannan aiki shi ne rani, bayan an kai amfanin gona gida, domin tubali ya bushe kafin ruwan farko. Kuma kada kowa ya kama hanya sai ya tuntuɓi mutanen wurin kan yanayin tsaro. Addini bai ce ka jefa kanka cikin halaka ba.

Shawarata ga kowane masallaci: ku zaɓi gida ɗaya tak a bana. Mai kuɗi ya sayi kwano da ƙusa, mai mota ya kai yashi, samari su ba da ƙarfinsu na kwana biyu. Ka tuna, daren da kake jin daɗin ƙarar ruwa a kan rufin ɗakinka, wata uwa na tsaye da jariri a baya tana tsoron katanga.

Allah Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu lafiya, Ya ba mu zaman lafiya, Ya gina mana gida a Aljanna. Amin.