Rubutun da Kake Ɗorawa a Kan Bidiyo

Ɗana, na kalli bidiyon bikin da ka tace. Allah ya yi maka albarka, hannunka ya fara faɗawa. Yankan hotunan ya yi, sauti ma ya zauna. Rubutun da kake ɗorawa ne kawai nake so mu ɗan tattauna a kai.

Na san CapCut da KineMaster sun cika maka gaba da kayan ado. Ga haruffa masu walƙiya, ga masu tsalle, ga masu juyi. Kowane yaro zai so ya taɓa duka, kuma ba laifi ba ne, ƙuruciya ce. Amma ka riƙa tuna mai kallo. Wataƙila gwaggon amarya ce a ƙauye, da 'yar ƙaramar waya, ido kuma ya fara rauni. Sunan 'yarta take nema. In ka sa farin rubutu a kan farin leshi, ga shi yana rawa, ya wuce kafin ta kai ƙarshensa, sai ta miƙa wa jika wayar ta ce ya karanta mata. Ka sa wa haruffan inuwa, ko baƙin layi a gefensu. Ka bar su a allo har ka iya karanta su sau biyu da baki, a natse. Sannu ba ta hana zuwa.

To, ga inda na fi so ka saurara. Da yawa daga cikin salon haruffan nan, waɗanda suka zana su ba su yi da Hausa a rai ba. Babu ƙ a ciki, babu ɗ, babu ɓ. In ka buga su, ko wani ɗan akwati ya fito a gurbinsu, ko manhajar ta aro harafi daga wani salon, ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki. Daga nan sai zuciya ta ce maka cire lanƙwasar kawai, ai za a gane. Wani lokaci a gane, wani lokaci kuma ka rubuta kasa alhali ƙasa kake nufi. Yara kuwa abin da suka gani a allo shi suke kwaikwayo.

Maganin ba wuya. Kafin salo ya burge ka, fara buga masa haruffan nan, ƙanana da manya, don wani salon yana da ƙ amma ba shi da Ƙ. In aikin na mutanen Maraɗi ne ko Damagaram, haɗa da ƴ, da shi suke rubutu a Nijar. Noto Sans na Google yana ɗauke da su duka, haka ma Andika. Ba su da kwalliya sosai, amma ba sa ba ka kunya.

Mazaunin rubutu ma ka duba. Bidiyon tsaye na TikTok, ƙasansa sunan mai shafi ne ke rufewa, gefen dama kuma maɓallai. Na talabijin kuwa, ƙa'idar masu aikin a yau ita ce rubutu ya tsaya cikin kashi 90 na tsakiyar allo. Premiere Pro zai nuna maka layukan iyakar in ka kunna su.

Sai sunayen mutane. Kada ka yi hasashe, ɗana. Wata A'isha take rubutawa, wata Aishatu. Wani Alhaji ne, wani yana da sarauta, kuma zai lura in ka tsallake ta ko da bai ce komai ba. Ka nemi masu biki su turo maka sunayen a rubuce, ka kwafa yadda suke. Da zarar ka fitar da bidiyo, rubutun ya manne da hoton, in kuma ya shiga WhatsApp ba mai iya kiransa ya dawo.

Shi ya sa kada ka yi saurin goge aikin daga manhaja don neman wuri a waya. Ka kuma fitar da kwafi ɗaya wanda babu rubutu a kansa, ka adana. Ranar da uwar ango ta bugo ta ce an manta da sunan ƙanwarta, gyaran ba zai cinye maka yini ba.