Amsoshin Tambayoyinku: Da Gaske Akwai Mace Mai Jelar Kifi?

Tambaya: Tun muna yara ake ba mu labarin Mamiwata, wai daga kai zuwa ƙugu mace ce, ƙasanta kuma kifi. Don Allah da gaske akwai ta?
Daga wata mai karatu a Yawuri

Amsa: Malama, mun gode da wannan tambaya. Gaskiyar magana, har yau ba a taɓa kama irin wannan halitta ba, ba a kuma tsinci gawarta ba. Batun aljanu daban ne, wannan sha'anin gaibu ne. Nan muna magana ne a kan halitta mai jini da tsoka.

Labarin dai tsoho ne. Mutanen Sham na dā sun bauta wa wata gunkiya, Atargatis, wadda ake siffantawa da jelar kifi. A Dare Dubu da Ɗaya ma akwai labarin Abdullahi na teku. A 1837 marubucin Danmak Hans Christian Andersen ya wallafa tatsuniyarsa ta 'yar ruwa, wadda ta zaga duniya.

To, me mutane suke gani? Sau da yawa ayu ne, wanda masuntan kogunan Kwara da Binuwai suka sani sarai. Dabba ce mai shayarwa, ciyawa take ci, tsawonta kan kai mita 3. Dole ayu ya ɗago kai ya shaƙi iska, nonon ta macen kuma yana kusa da hammata. Wanda ya hango wannan daga kwalekwale da almuru, ga tsoro, ga labarin da ya taso da shi, ai sai ya rantse mutum ya gani. Matuƙin jirgin ruwa Kolumbus ma a 1493 ya rubuta cewa ya ga 'yan ruwa uku kusa da tsibirin Hispaniola, sai dai fuskarsu kamar ta maza. Masana sun ce dangin ayu ne.

Akwai kuma 'yan damfara. A 1842 P. T. Barnum ya tara kuɗi a New York da nuna wata "'yar ruwa", ashe gangar jikin biri ce aka ɗinke da jelar kifi.

Abin da ya fi damuna shi ne ayun kansa. Farauta don nama da man ayu, tarun masunta da madatsun ruwa sun rage shi ƙwarai, ga shi ɗa guda yake haifa bayan cikin kusan shekara. In ya faɗa tarun wani naku, Malama, ki roƙe shi ya sake shi.