Darasin masunta: yadda mai ciwon ƙafa zai shiga jirgi ba tare da faɗuwa ba

Ɗan'uwa mai karatu, in kana su a tabkin Madarunfa, ko na Tabalak, ko a bakin Kwara wajen Gaya, ba ka rasa sanin wani masunci da ya aje taru ba don ya so ba. Gwiwa ce ta ƙi, ko shan inna ta taɓa shi tun yana yaro, ko kuwa tsufa ne ya zo. In ya zauna cikin jirgi, hannunsa na aiki kamar na kowa. Shiga da fita su ne wahalarsa. Wannan darasi nasa ne, shi da ɗiyansa masu kama masa.

Duba abin da ke faruwa wajen shiga. Ƙafa ɗaya na cikin laka, ɗaya na bisa jirgi. Da ka taka, sai jirgin ya gusa, ya kuma karkata wajen da nauyi ya faɗa. Mai lafiya yakan yi wuf ya faɗa ciki. Mai ciwon ƙafa ba ya iyawa. Saboda haka aikin farko shi ne hana jirgi motsi.

Nemi turke 2 na icce mai ƙarfi. Ka jawo jirgin ya yi kwance da gaɓa, ka kafa turke ɗaya wajen kai, ɗaya wajen gindi, ka ɗaure tamau. Igiya ɗaya ba ta isa, don gindin zai riƙa yawo. In cikin jirgin ya ɗan taɓa ƙasa, ya fi kyau. Bayan an shiga sai yaro ya tura.

Turke na 3 ka kafa shi a tsakiya, bisa tudu, tsawonsa ya kai ƙirji. Shi ne abin dafawa. Wasu kan buga mariƙi a gefen jirgi. Wannan kuskure ne babba: in ka ja shi, jirgin ka ja, sai ya kife da kai.

Sai wurin tsayawa. Cika buhu 4 ko 6 da rairayi, ka jera su kusa da turken tsakiya, har tsawonsu ya zo daidai da bakin jirgi. Sannan ka sa masassaƙi ya yi maka katako mai kauri, faɗinsa wajen santimita 30. Tsawonsa ya tashi daga bisa buhuna ya gitta jirgin har bakinsa na can. A goge shi sumul. Wanda ƙafarsa ba ta jin taɓi, sartse na iya shigarsa bai sani ba, sai ya zama gyambo.

Ga yadda za ka shiga. Kada ka yi ƙetare a tsaye. Dafa turke, ka zauna bisa katako ta wajen buhuna. Ka riƙa matsawa da zama kaɗan-kaɗan har bakin jirgi. Sa ƙafa mai lafiya ciki, ka ɗauki mai ciwon da hannu biyu ka shigar da ita. Ka matsa har tsakiya, sannan ka sauka bisa kujera. Kujerar a kafe ta da ƙusa a tsakiyar jirgi, kusa da katakon, ƙasa da baki kaɗan. In ta yi bisa ƙwarai, jirgi zai yi ta rawa. In ta yi ƙasa ƙwarai, tashi ya gagara. Wajen fita, haka za ka yi da baya-baya.

Kai kuma yaro mai taimako, kada ka tsaya cikin jirgi kana jan hannun baba, ku biyu za ku faɗa. Tsaya cikin ruwa ta gefen can, ka riƙe bakin jirgin da ƙarfi har ya zauna, sannan ka janye katakon.

Ka tuna ruwan tabki na ja da baya bayan damina. Duk lokacin da ya janye, a ciro turaku da buhuna a bi shi. In gansakuka ta hau buhu, a kankare a watsa rairayi.

Rigar ceto ita ce ta fi, in ana samunta. In babu, ɗaura bido 2 na lita 5, wofi, rufaffu da kyau, da igiyar da za ta bi ta ƙarƙashin hamata. Kada a taɓa ɗaure mutum da jirgi, ko da na kujera ne. Ranar farko ku gwada da rana tsaka, inda ruwa bai wuce gwiwa ba, sau 3 ko 4, kafin a ɗora taru.