Kurakuran da Ake Yi Wajen Duba Gidan Zama, da Yadda Za a Guje Musu

Kowace shekara mutane da yawa a ƙasar nan sukan zuba dukiyar da suka daɗe suna tarawa wajen sayen gida ko kama haya, daga baya su tarar da aibin da tun farko yana nan a fili, ba su dai duba ba ne. Wani ya yi hasarar kuɗi, wani kuwa har da rai. Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi, cikin Legas, ya rushe, mutum fiye da 40 suka rasu. Wannan ya isa ya nuna cewa tsadar unguwa da kyawun gini ba su ne shaidar ƙarfinsa ba. An shirya wannan darasi domin mai saye, da mai haya, da ma'aikacin da aka tura duba gida.

1. Zuwa a lokacin da bai dace ba

Kada a duba gida da almuru ko da dare, domin duhu yana rufa wa gini asiri. A je da rana tsaka, a tafi da tocila saboda lunguna da cikin silin. Gidan da aka duba da rani, a sake komawa da damina in da hali, bayan an ɗauke ruwan sama. A sa'an nan ne yoyon kwano da kwanciyar ruwa a tsakar gida suke bayyana.

2. Fara dubawa daga cikin ɗaki

Mai gida yakan so ya fara kai baƙo ɗakin da ya fi kyau. Mai duba na ƙwarai daga waje yake farawa. Ya zaga gidan, ya lura ko a kwari yake ko a tudu, ya ga inda indararo da kwata suke zubar da ruwa. Ya dubi katangun maƙwabta, domin ambaliya takan bar zane a jikin bango daidai inda ruwa ya tsaya. Ambaliyar Maiduguri ta watan Satumba, 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, da ta Mokwa ta watan Mayu, 2025, sun koya mana cewa ruwa ba ya manta hanyarsa. A tambayi tsofaffin unguwa, sun fi dillali sanin tarihin wurin.

A ɗaga kai kuma a dubi wayoyin lantarki. Ƙa'ida ita ce gini ya nisanci layi mai ƙarfin kilobolt 11 ko 33 da mita 5.5 ta kowane gefe, mai 132 da mita 15, mai 330 kuwa da mita 25.

3. Yarda da sabon fenti

Fenti ado ne, amma sau da yawa da shi ake ɓoye damshi da tsagewa. In aka ga bango ɗaya kaɗai aka shafe, sai a tambayi dalili. A shafa gindin bango da hannu. Idan yaɓe yana ɓarewa, ko farin gishiri ya fito, ruwa ne yake hawowa daga ƙasa. A ƙwanƙwasa katakon ƙofa da na rufi, in ya yi amo kamar ganga, gara ta cinye cikinsa.

4. Ɗaukar kowace tsaga ɗaya

Siririyar tsaga kamar gashi a jikin yaɓe ba abin tsoro ba ce. Wadda za a kula da ita ita ce wadda ta bi layin bulo kamar matakala, ko ta tashi a karkace daga kusurwar taga, ko ta ratsa bango ana ganinta ciki da waje, musamman in faɗinta ya wuce milimita 5. Irin wannan alama ce ta harsashin gini yana motsi. Haka kuma ƙofar da ta ƙi rufuwa, da daɓen da ya burma, da rodin da ya fito da tsatsa. Wanda ya ga ɗayan waɗannan ya nemi injiniya mai rajista, kada ya tsaya ga maganar magini cewa siminti kaɗan zai gyara.

5. Ƙyamar leƙa bayan gida

Mutane da yawa sukan tsallake makewayi, alhali nan ne lafiyar iyali take. A auna tsakanin rijiya da ramin masai. Abin da masana kiwon lafiya suka fi so shi ne mita 30, kuma rijiya ta kasance ta wajen tudu. A buɗe famfo, a zuba ruwa a kwata a ga ko yana wucewa.

6. Duba gini a manta da takarda

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna, kuma sayar da filin da ke da takardar shaidar mallaka sai da amincewarsa. Saboda haka a riƙe taswirar safiyo a hannu, a nemo turakun iyaka, a gwada lambobinsu da na takarda. A gwada ginin da zanen da hukuma ta amince da shi, domin hawan da aka ƙara ba da izini ba kaya ne da ba a shirya wa harsashi ba. A bincika a ofishin filaye ko an jinginar da gidan. In na gado ne, a tabbata dukan magada sun yarda.

7. Dogara ga tunani

Abin da ba a rubuta ba yakan ɓace. A rubuta rana, da sunan ɗaki, da abin da aka gani, a ɗauki hoto. Wurin da aka tarar a kulle, a rubuta cewa ba a shiga ba. Ma'aikacin gwamnati kuwa ya sani sa hannunsa amana ce. Kada ya cika rahoto daga cikin mota, kada kuma ya karɓi goro a kan aikinsa, domin a kan shaidarsa ce iyali za su kwana ƙarƙashin wannan rufi.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa, kuma kada kowa ya biya kuɗin gida sai ya duba ƙasarsa, da bangonsa, da takardarsa.